Idan fitsarin yaro ya ƙi sauka, ƙoda ce ke ɗaukar nauyin

Ɗan ƙanwata yana da wata bakwai a duniya lokacin da kakarsa ta hango abin da ya shige mana duka. Tana yi masa wanka a baho da hantsi, sai ya kama nishi, ya dunƙule hannu yana yunƙuri kamar mai jin kashi, can sai ga fitsari yana fitowa ɗis-ɗis yana bin cinya. Ta ɗago ta dubi uwar ta ce, "Ke, yaron nan tun da aka haife shi ya taɓa tsula miki fitsari a jiki?" Ƙanwata ta yi jim, ta ce, "Wallahi Inna ban taɓa gani ba, kullum dai nakan tarar da famfas a jiƙe." Tsohuwa ta ce ita maza biyar ta goya, babu wanda bai jiƙa mata zane daga nesa ba, don haka wannan ba lafiya ba ce.

Kafin wannan rana an yi wa yaron maganin maleriya sau huɗu, an ce haƙori ne, an ce shawara ce, an ɗura masa dauri kala biyu. Duk inda aka kai shi babu wanda ya ce a tari fitsarinsa a auna, abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Da aka je babban asibiti aka yi masa sikanin, ba a yi minti goma ba likita ta juyo da allon ta nuna mana: ƙodojinsa biyu sun cika da ruwa sun buɗe, bangon mafitsara kuma ya yi kauri kamar damtsen ɗan dambe.

Kalmar kumburin ƙoda tana rikita mutane. A takardar hoto za ku ga wata doguwar kalmar likitanci, haidironefrosis, ma'anarta kawai ruwa ya taru a ƙoda. Wannan kumburi a ciki yake, ido ba ya ganinsa. Ba shi ne ciwon nan da yaro ke tashi da safe fuska suntum, ƙafafu a kumbure ba. Wancan ciwo ne na matatar ƙodar kanta, maganinsa daban. Namu matsalar hanya ce: ƙoda tana tace jini, amma abin da ta tace ya rasa wurin wucewa.

Duk wanda ya yi damina a cikin gari ya san yadda abin yake. Ruwa ya sauko daga indararo, ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, ya faɗa lambatu, ya wuce ta kwalbati. Idan leda da yashi suka toshe kwalbatin bakin layi, ɓarnar ba a nan take tsayawa ba. Ruwan baya yake komawa, ya cika lambatu, ya shigo ta rariya, ya ci gindin katanga har ta zauna. Haka jikin yaro yake. Ƙoda biyu ce a bayan ciki, ƙasan haƙarƙari. Fitsarin da kowace ta tace yana taruwa a wani ɗan mazurari a tsakiyarta, ya gangara ta siririn bututu zuwa mafitsara, ita kuma ta ajiye shi, in ta cika ta matse ta turo shi waje ta bututu na ƙarshe. In matsalar tana sama, a wuyan mazurari, ƙoda ɗaya ce za ta kumbura. In tana can ƙasan mafitsara, duka biyun za su ji jiki, don ƙofarsu ta fita ɗaya ce.

Dalilin gudun jinkiri shi ne, kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu wajen miliyan ɗaya, kuma halittarsu tana kammala ne tun yaro na ciki, wajen sati na 36. Bayan haihuwa ba a ƙara ko guda. Wadda matsin ruwa ko ƙwayar cuta ta kashe ta tafi ke nan, tabo ne zai zauna a gurbinta. Ga shi ƙoda ba ta da saurin kuka, tana iya rasa rabin ƙarfinta yaro yana ta wasansa a tsakar gida.

Yanzu da sikanin ya yawaita a wajen awo, mata da dama tun suna da juna biyu ake gaya musu an ga ruwa a ƙodar jariri. Ana ganin haka a kusan ciki 1 zuwa 2 cikin 100, kuma ya fi yawa ga 'ya'ya maza. Mai hoton faɗin mazurarin nan yake aunawa: in ya kai milimita 4 a tsakiyar goyon ciki, ko 7 daga sati na 28, sai a sa ido. Uwar da aka gaya wa haka ta kwantar da hankalinta. Fiye da rabin irin jariran nan babu abin da ke damunsu, kumburin yakan sace da kansa kafin haihuwa ko cikin shekara biyun farko, ba magani ba aiki. Ba wani abu da kika ci ko kika ɗauka ne ya jawo shi ba. Roƙon kawai, kada takardar ta ɓace a ƙarƙashin katifa. Bayan haihuwa a sake hoton, amma sai jariri ya wuce awa 48, saboda a kwana biyun farko fitsarinsa kaɗan ne, ƙoda mai matsala tana iya fitowa ras a hoto ta yaudari kowa. Inda ba a jira shi ne in namiji ne, ƙodoji biyu duk sun kumbura, mafitsara ta yi girma, ko ruwan faya ya yi ƙaranci. Ruwan fayar nan, daga rabin ciki zuwa gaba, yawancinsa fitsarin jariri ne, kuma huhunsa yana bukatarsa don ya girma. Mai irin wannan ciki a babban asibiti ya kamata ta haihu.

Cikin waɗanda nasu bai wuce ba, mafi yawa matsalar a wuyan mazurari take. Wurin ya yi ƙunci, ko wata jijiyar jini ta gitta ta danne shi. Jariri ba ya nuna komai. Yaron da ya tasa kuwa yana da wata alama da ake yawan kuskure: ciwon kwiɓi mai tsanani da amai, yakan taso bayan ya kwankwaɗi ruwa ko lemo da yawa, ya yi awanni ya lafa, a ce ai ulsa ce ko tsutsar ciki. Ko a nan ba kowa ake yi wa aiki ba. Likita yana bibiya da hoto. In kumburin na ƙaruwa, ko naman ƙodar na sirancewa, ko ciwo da zazzaɓi sun ƙi ƙarewa, ko wani gwaji na musamman ya nuna rabon wannan ƙodar a aikin biyun ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 100, sannan a shiga tiyata, a yanke wurin da ya ƙuntata a sake ɗinke bututun da faɗi. Wasu likitoci biyu na Ingila, Anderson da Hynes, suka bayyana salon a 1949, har yau shi ake yi, kuma fiye da 90 cikin 100 ana dacewa. Bayan aikin ba lallai ƙodar ta koma daidai girmanta a hoto ba. Buhun da ya daɗe a cike, ko an juye shi sai ya nuna. Abin dubawa shi ne ruwa yana wucewa.

Iri na biyu babu toshewa, komawa baya ce. Inda bututu ya shiga mafitsara a karkace yake ratsa bangonta, ta yadda in ta matse sai bakin ya rufe kansa. Wasu yaran gajeriyar hanya ce gare su a wurin, don haka duk sa'ad da suka yi fitsari, wani ya fita waje, wani ya haura sama. A takarda VUR ake rubutawa, an kasa shi mataki 1 zuwa 5. Fitsari mai tsabta in ya haura ɓarnarsa kaɗan ce. Haɗarin yana ranar da ƙwayar cuta ta shiga mafitsara ta tarar da hanya a buɗe har cikin ƙoda. Kusan 1 cikin 3 na ƙananan yaran da suka yi ciwon fitsari mai zazzaɓi ana samun su da wannan, kuma yana bin jini, in an samu ɗaya a gida sai a lura da 'yan'uwansa. Gano shi sai da wani hoto da iyaye ba sa so: a zura siririyar roba, a cika mafitsara da ruwan da ke fitowa a hoto, a ɗauka yaro yana cikin yin fitsari. Zai yi kuka, babu ko shakka, amma na ɗan lokaci ne, kuma sikanin ba ya nuna abin da wannan ke nunawa. Ƙananan matakai yawanci girma ne maganinsu. Kafin nan wasu akan ba su ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum da dare. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2014 ya nuna hakan yana rage dawowar ciwon da kusan rabi, sai dai ƙwayoyin da suka tsira sukan daina jin magani, shi ya sa likita ne zai zaɓi wanda ya cancanta, ba mai kemis ba. Manyan matakai da suka ƙi lafawa su ake yi wa aiki, ko a yi allurar wani abu mai kauri a bakin bututun ta cikin madubi, ko a sake dasa bututun gaba ɗaya.

A nan nake ganin muka fi tafka asara. A wurinmu zazzaɓin yaro sunansa maleriya tun kafin a duba shi. Jariri ba zai ce fitsari na yi masa zafi ba. Abin da za a gani shi ne zafin jiki, ƙin nono, amai, rama, wani lokaci fitsari mai wari. In an gwada jini ba a ga maleriya ba, ko an gani an yi magani amma bayan kwana biyu zuwa uku jiki bai sauka ba, ku buɗe baki ku nemi gwajin fitsari, har da wanda ake renonsa a ga irin ƙwayar da maganin da ke kashe ta. A tara kafin a fara shan magani, a kwalbar da asibiti ta bayar, ba kwalbar man shafawa da aka ɗauraye ba, ba kuma wanda aka matso daga famfas ba, a kai shi da ɗuminsa. Jaririn da bai kai wata uku ba in ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Wanda kuma ya yi ciwon fitsari mai zazzaɓi yana ƙasa da shekara biyu, a yi masa hoton ƙoda ko da ya warware.

Na uku shi ne na ɗan ƙanwata, kuma ya fi kowanne gaggawa. Maza kaɗai yake samu, kusan ɗaya cikin jarirai maza 5,000 zuwa 8,000. Wani ɗan tantani ne yake fitowa a cikin bututun fitsari, dab da ƙasan mafitsara, tun yaro na ciki. Yadda yake zaune, roba in an zura daga waje takan wuce, amma fitsari in ya taho daga ciki sai tantanin ya buɗe kamar laima ya tare hanya. Wani likitan Amurka, Hugh Hampton Young, ya fayyace shi a 1919, kuma a takarda PUV za ku gani. Mafitsara ta yi ta kokawa da ƙofar da ba ta buɗuwa, namanta ya yi kauri, matsin ya haura ya buɗe bututai biyu ya danne ƙodoji. Ga mai lura alamomin a fili suke: nishi, ɗigo, fitsari maras tsiri, mara ta ɗaure tamau kamar an cusa ƙwallo, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, yaro ba ya ƙiba. Famfas ne ya ɓoye mana su. Iyayenmu da ke ɗora jariri a ƙafa ya yi fitsari, kullum suna ganin yadda yake fita. Uwar yau tana iya shekara ba ta gani ba. Duk mai jariri namiji, ta cire masa famfas ko sau ɗaya ta zauna ta ga fitarsa da idonta.

Abu na farko da aka yi wa ɗan ƙanwata robar fitsari ce. Kwana biyun farko jakar ta yi ta cika har ƙanwata ta tsorata, ta kira ni da tsakar dare tana cewa, "Yaya, ruwan jikinsa zai ƙare." Tsoronta yana kan hanya. Ƙodar da aka daɗe ana dannewa, in an sake ta takan yi ta zubar da ruwa da gishiri, shi ya sa ake kwantar da yaro ana yi masa ƙarin ruwa ana auna jini. In ya daidaita sai a shiga da siririn madubi ta gabansa a tsaga tantanin, ba a yanka ciki. Jaririn da ya yi wa madubin ƙanƙanta, ko inda babu kayan aikin, akan buɗe mafitsara a ƙasan cibiya fitsari ya riƙa fita ta nan zuwa wani lokaci, daga baya a rufe. Iyaye da yawa suna ƙin wannan don gudun bakin mutane. Ina roƙonsu su yarda, tsegumi na ɗan lokaci bai kai ƙoda ba.

Ranar da aka cire robar ya tsula fitsari ya jiƙa rigar nas, ɗaki ya ɗauki hamdala. To a daidai nan mutane da yawa ke sallama da asibiti, kuma babban kuskure ne. Tsaga tantani ya buɗe hanya, amma bai gyara mafitsarar da ta yi watanni tana kokawa ba, bai kuma dawo da matatun da suka mutu ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran nan ƙodarsu takan raunana a gaba, wasu har ta kai ga wankin ƙoda ko dashe, sau da yawa wajen balaga, lokacin da jiki ya girma ya fi ƙarfin ƙodar. Kada yawan fitsari ya ruɗe ku. Ƙodar da ta ji jiki ba ta iya riƙe ruwa, sai ta riƙa zubo fitsari fari tas, yaro ya yi ta ƙishirwa, a gida a ce ai ya warke. Gwajin kiretinin a jini, wato wani datti da ke taruwa in ƙoda ta yi rauni, da awon hawan jini, da neman furotin a fitsari, da awon tsayi da nauyi, su ne za su faɗi halin da ake ciki.

Maganar kaciya ta shigo a nan. Ta tabbata tana rage ciwon fitsari ga jarirai maza ƙwarai, don haka mai PUV ko VUR mai ƙarfi akan ba da shawarar a yi masa da wuri, ba sai ya kai shekara shida ko bakwai an jira lokacin sanyi kamar yadda aka saba a da ba. Amma yaron da aka haifa ƙofar fitsarinsa tana ƙasa ba a kan tsini ba, loɓarsa rabi, kada a bari wanzami ya taɓa shi, don likita na iya bukatar wannan fatar wajen gyara. Bayan kaciya kuma in fitsari ya koma siriri kamar zare yana fesawa sama, ƙofar ce ta tsuke, ƙaramin aiki ne ke buɗe ta.

Akwai yaran da hanyarsu a buɗe take, jijiyar da ke ba mafitsara umarni ce ta samu matsala, musamman waɗanda aka haifa da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya. Hankalin kowa yana kan bayan da ƙafafu, ƙoda kuwa tana can tana lalacewa. A 1972 likita Jack Lapides ya nuna cewa roba mai tsabta, ko ba a dafa ta kamar ta ɗakin tiyata ba, ta isa a riƙa zurawa ana juye mafitsara duk bayan awa uku zuwa huɗu, kuma wannan ya ceci ƙodar yara masu ɗimbin yawa. Uwa takan koya cikin 'yan kwanaki, yaro in ya yi wayo ya karɓa da kansa. Ƙwayar folik asid da ake bayarwa a wajen awo tana rage irin wannan haihuwa, in an fara sha tun kafin ciki ya shiga.

Sai babban rukuni, yaran da aka haifa lafiya, riƙon fitsari ne ya ɓata musu mafitsara. Yarinya ta tafi boko da safe, bayan gidan makaranta ba ya shiguwa, ta riƙe har azahar, ta dawo a gurguje ta wuce islamiyya. Za ka gan ta tana harɗe ƙafafu, ko ta tsuguna ta danna diddige a gabanta. A hankali tsokar da ya kamata ta saki lokacin fitsari sai ta saba da ƙanƙamewa, mafitsara ba ta juyewa duka, ragowar ya kwana ƙwayoyi su hayayyafa. Abokin tafiyarsa taurin bayan gida ne. Ƙarshen hanji a bayan mafitsara yake, in ya cika da busasshen kashi sai ya danne ta. Yara da yawa da ake ta ɗura wa maganin sanyi, da cikin aka warware musu da fitsarin ya daidaita. Maganin ba tsada gare shi ba, naci yake so: fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku ko ba a ji ba, a natse, a ɗan dakata a sake gwadawa, ruwa isasshe da rana, miyar ganye, zogale, wake, gwanda. Mace ta yi tsarki daga gaba zuwa baya. Tsugunonmu na gargajiya ya fi zama kan masan zamani ƙafa tana lilo, in shi ne a gidan a sa wa yaro 'yar kujerar taka ƙafa. Malamai kuma, don Allah, yaro in ya nemi fita a bar shi ya fita.

Fitsarin kwance shi kaɗai, yaro lafiya lau da rana, da wuya ya zama alamar kumburin ƙoda. Wajen 15 cikin 100 na 'yan shekara 5 suna yi, kuma duk shekara wasu na dainawa da kansu. Sau da yawa gado ne, in aka bincika uba ko uwa sun yi. Nauyin barci ne da yawan fitsarin dare, ba lalaci ba. Duka, da ɗora wa yaro jiƙaƙƙiyar tabarma a ka yara na bin sa da amalala, ba su taɓa busar da shimfiɗa ba, zuciyarsa kawai suke karyawa. A rage shayi da lemo da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta, in ya ƙi akwai ƙararrawa mai kaɗawa da zarar wando ya jiƙe, akwai kuma ƙwayar da likita ke rubutawa mai rage fitsarin dare. Wanda ba a jira da shi: mai jiƙa wando da rana, mai yunƙuri, wanda ya yi wata shida da dainawa ya dawo, da mai yawan ƙishirwa da rama, don ciwon suga kan fara da haka. Masu sikila kuwa ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa, fitsarin kwance ya fi yawa a cikinsu, kuma su kada a kuskura a hana su ruwa.

Duk abin da na ambata ana samunsa a ko'ina a duniya. Akwai wanda ya fi zama namu, wato tsargiya, kuma Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Yaran da ke iyo a kududdufi da rafi, da masu taya iyaye aiki a gonakin rani irin na Kadawa da Bakolori, da 'ya'yan masunta a tafkin Chadi da bakin kogin Kwara, su ta fi kamawa. Shiga ruwan ne ke kawo ta. Ƙananan katantanwar ruwa ke renon tsutsar, ta fito ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta yi ta zuba ƙwai masu ƙaya. Ƙwan da ya ratsa ya fita shi ke kawo ɗigon jinin nan na ƙarshen fitsari. Wanda ya maƙale a bango kuwa jiki ya kewaye shi da tabo, tabon ya tsuke bakin bututu, ƙoda ta kumbura. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A wasu ƙauyuka har yau ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji, shi kuma yaron kunya ta hana shi faɗa, alhali cuta ce mai magani. Firazikwantel ake ba shi, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa, sha ɗaya bayan ya ci abinci. Shi ne ake rabawa a makarantu ana gwada tsayin yara da sanda, rabon da sau da yawa yake wuce almajirai da yaran da ba sa zuwa boko. In an sha da wuri kumburin ƙodar yara kan sace cikin watanni. In an bari shekaru suka ja tabo ya ƙanƙare, magani ba ya narkar da shi, kuma a girma yana iya zama sanadin kansar mafitsara. Fitsarin gwaji an fi so a tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwan ya fi fita. Maganin ba rigakafi ba ne, yaro in ya koma ruwan zai sake ɗauka.

Yaron da aka ce ƙodarsa ta kumbura, a kiyaye abin da ake ɗura masa. Magungunan rage ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jentamaisin ba bisa awo ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, duk ƙarin kaya ne a kan mai nishi. Duk likitan da aka je wurinsa, ko don mura ce, a gaya masa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri suna da likitocin tiyatar yara da na mafitsara, a nemi takardar turawa. Na san kuɗin mota da na gwaji ba wasa ba ne a wannan zamani, amma ba za a haɗa su da na wankin ƙoda ba, wanda ake yi sau biyu ko uku kowane sati.

Ɗan ƙanwata yanzu shekararsa huɗu. Ƙodarsa ta hagu ba ta farfaɗo sosai ba, ta dama ce ke ɗauke da yawancin aikin. Duk wata shida uwarsa takan ɗauko wata koriyar jaka da ta tara takardunsa tun daga hoton farko, su tafi a ɗebi jini a auna hawan jini. A wayarta ta saita agogo yana kaɗawa duk awa biyu, in ya kaɗa ya ajiye wasa ya je ya yi fitsari, ya dakata, ya sake yi. Zuwan da suka yi na ƙarshe kiretinin ɗinsa bai motsa ba, likita ta sake ba su wata shida.